Alƙalamin Feshi Ya Ƙi Aiki Bayan Wanki: Yadda Ake Mayar Da Shi Da Gano Inda Matsalar Take

Sau da yawa alƙalamin feshi, wanda 'yan kasuwa ke kira eyaburosh, lafiyarsa ƙalau kafin a kwance shi. An wanke shi tas, an mayar, sai a danna kunama a ga kofin fenti yana ɓulɓulo da kumfa, ko iska na fita amma fenti ko ɗigo. Mai shi sai ya ɗauka wankin ne bai yi ba, ya sake kwancewa ya hau dirza, har ya lalata abin da da lafiyarsa. Galibi laifin daga wurin haɗawa yake. Ko kai mai adon kek ne, ko mai kwalliya, ko mai zanen riga da tankin babur, kayan cikin kusan iri ɗaya ne, kuma wurare uku zuwa huɗu ne suke ba da wahala.

Kafin a taɓa komai, a fahimci yadda abin yake aiki. Hanyoyi biyu ne a cikinsa. Iska tana shigowa ta bawul ɗin da ke ƙarƙashin kunama, ta bi wani siririn rami a cikin gangar jiki, ta taru cikin murfin iska, sannan ta fita da gudu ta 'yar tazarar da ke kewaye da bakin nozul, wato ɗan ƙaramin kan ƙarfe mai rami da fenti ke fita ta cikinsa. Shi kuma fenti yana gangarowa daga kofi, ya bi jikin allura, ya tsaya a cikin nozul, inda tsinin allura ya toshe shi kamar marufin kwalba. In ka danna kunama ƙasa, iska ta buɗe. In ka ja ta baya, allura ta janye, gudun iskar ya zuƙo fentin waje. Waɗannan hanyoyi biyu ba su da wurin haɗuwa sai a waje, a gaban bakin nozul. Kusan duk wata matsala da za ka gani, ko dai ɗaya daga cikinsu ta toshe, ko kuma sun haɗu a ciki inda bai kamata ba. Wanda ya riƙe wannan ba zai riƙa kwance-kwance da ka ba.

Shirin wuri da duba kaya

Shimfiɗa farin tawul a kan faranti mai baki, ka yi aikin a ciki. Nozul mai tiredi bai fi ƙwayar shinkafa ba, in ya faɗi ƙasan siminti ko dai ya ɓata ko bakinsa ya lotse, kuma samun irinsa a kusa ba ƙaramin aiki ba ne. Cire tiyon iska. Ajiye sifanar da ta zo cikin akwatin alƙalamin, tsinken sakace, gilashin ƙara girma (kyamarar waya ma in ka zuƙo ta tana yi), ɗan kakin zuma, da man shafawa na alƙalamin feshi. In babu shi, ɗigon gilisarin daga kemis ya wadatar. Kada ka sa giris, ko baƙin mai, ko WD-40, ko wani mai da ke da silikon a ciki. Silikon in ya shiga fenti sai ka ga wasu ƙananan ramuka a jikin aiki inda fentin ya ƙi kamawa, kuma fitar da shi daga alƙalami sai an sha fama.

Fara da allura. Ɗora ta kan gilashi ka mirgina ta da yatsa kana kallon tsinin. In yana lilo, ta lanƙwashe. Wani lanƙwason ido ba ya ganinsa, don haka ja tsinin baya-baya a kan auduga kana juya ta: in ta kamo zaren auduga, akwai ƙugiya a bakin. Sai nozul. Ɗaga shi ka hango haske ta cikinsa, ramin ya zama da'ira sosai, ba gefen da ya toshe. Duba leɓen bakin da gilashi, ko akwai tsaga kamar silin gashi, ko ya buɗe kamar bakin kakaki. Nozul ɗin da ya tsage ba ya gyaruwa, sai canji.

In alƙalaminka irin wanda ke zuwa da saiti uku ne, milimita 0.2 da 0.3 da 0.5, to ka tabbata allura da nozul da murfin iska duk 'yan gida ɗaya ne. Wannan kuskuren ya fi kowanne yawa ga wanda ya wanke su gaba ɗaya cikin kwano guda. Allurar 0.5 cikin nozul 0.2 da ƙyar tsininta zai leƙo, ta 0.2 kuwa cikin nozul 0.5 za ta zarce waje fiye da kima. Murfin iska ma girman raminsa daban-daban ne. In ya yi wa nozul kaɗan, iska ba ta samun hanya sai ta koma kofi. In ya yi masa yawa, zuƙar ta yi rauni.

Haɗawa, daga tsakiya zuwa baya, sannan gaba

Bawul ɗin iska ba a cika kwance shi wajen wanki ba, kuma gara a bar shi. In an riga an kwance, tsarinsa shi ne: sandan bawul da zoben robarsa su fara shiga, sai ɗan sifirin, sai marufin da ke riƙe su. Danna sandan daga sama da tsinke ka ga yana dawowa da kansa nan take.

Sai kunama. A ƙafarta akwai tsaga ko rami inda allura ke ratsawa, dole tsagar ta kalli gaba da baya, ba gefe da gefe ba. Ƙasan ƙafar ya zauna daidai kan sandan bawul. A wasu alƙaluman ƙafar tana da gaɓa mai lilo, saka ta yana bukatar haƙuri: riƙe gangar jikin a karkace har gaɓar ta rataya a miƙe, ka jefa ta cikin ramin. Shaidar ta zauna ita ce in ka danna ka ji sifirin na turo ta sama. Ka tuna allura ce kaɗai ke hana kunama faɗowa, don haka daga nan har ka saka allura kada ka kifa alƙalamin.

Bayan kunama akwai wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da ke jingine da bayanta, shi ke isar da jan yatsanka zuwa bututun da ke riƙe allura. A wasu samfuran a maƙale yake da bututun, a wasu kuma sake yake, kuma shi ne ke sa mutane zufa. Tura kunama gaba, shigar da shi ta baya, ko ta tsagar sama in sake yake, har kansa ya leƙo a bayan kunama, doronsa na taɓa ta. In ya kwanta ciki bai leƙo ba, kunama za ta riƙa lilo ba ƙarfi. In ka sa shi a juye, za ka ji jan yana cijewa a rabin hanya. Biyo shi da bututun allura, sai sifirin a kan bututun, sai gidan sifirin wanda ake murɗawa cikin gangar jiki. Yawan murɗa shi ne ke ƙayyade taurin kunama. Murɗa har ka ji tana komawa gaba da kanta da kuzari. In ka bar shi sako-sako don neman laushi, sifirin ba zai iya mayar da allura ta rufe nozul sosai ba, fenti ya riƙa tsiyaya.

Yanzu gaba, kuma nan ne wurin taka-tsantsan. Ba a saka nozul allura na leƙe a gaba. Ko dai ba ta ciki sam, ko an janye ta baya sosai.

Nozul iri biyu ne. Akwai mai tiredi, irin na Iwata HP-C Plus da yawancin na China masu arha. Kama shi da yatsu, ka fara murɗawa da hannu har ya tsaya da kansa. In tun zagayen farko ka ji yana cijewa, tiredin ya hau karkace, warware ka sake. Sai ka sa sifana ka ɗan taɓa shi kaɗan, abin da bai kai kashi ɗaya cikin takwas na zagaye ba. Riƙe sifanar da yatsu biyu kusa da bakinta, kada ka kama ta daga wutsiya. Wuyan tiredin siriri ne kuma rami ne a cikinsa, ƙarfi kaɗan ke karya shi. Na China galibi suna da wani ɗan zoben roba a gindin tiredin. Tina, wato ruwan sirka fentin mai, tana kumbura shi, ɗauri da yawa kuma yana matse shi ya fito gefe. In ya yage, cire shi gaba ɗaya, ka shafa kakin zuma kamar kan allura a jikin tiredin, ban da bakin ramin. Kakin na toshe iska kuma ba ya hana kwancewa gobe.

In tsautsayi ya sa wuyan ya karye ya bar guntu a ciki, kada ka kai masa ƙusa. Cusa tsinken sakace ya kama cikin guntun, ka juya hagu a hankali. Tunda kan ya rabu, guntun ba ya da sauran matsi, yawanci yana biyo tsinken.

Iri na biyu shi ne wanda ba shi da tiredi, ana ɗora shi ne kawai murfi ya danne shi. Haka na Iwata Eclipse yake, da Badger Patriot 105, da na Harder & Steenbeck. Wannan ya fi girma, ya fi sauƙin wanki, amma yana da nasa sharaɗin: gindinsa da mazauninsa su kasance tsaf. A Eclipse da Patriot ƙarfe ne ke zama kan ƙarfe, ɓurɓushin busasshen fenti guda ɗaya ya isa ya buɗe wa iska ƙofa. Na Harder & Steenbeck yana da farin zoben Teflon (wata irin roba mai tauri) a gindi, duba ka ga yana nan kuma bai tauye ba. Sa nozul ɗin cikin murfin, ka juya bakin alƙalami ya kalli ƙasa ka murɗa su tare, don kada ya zame.

Bayan ka ɗaura murfin iska, kalli alƙalamin ta gaba cikin haske. Bakin nozul ya kasance a tsakiyar ramin murfin, tazarar da ke kewaye da shi ta yi daidai ta kowane gefe kamar zobe. In ya jingina gefe guda, feshi zai karkace ko da allura sabuwa ce.

Saura allura. Shafa mata ɗigon mai da yatsa, ka goge har ya zama sheƙi kawai ya rage. Sassauta notin da ke riƙe ta, shigar da tsinin ta baya a miƙe. Za ta ratsa bututu, ta ratsa tsagar kunama, sannan ka ji ta ɗan yi tauri inda take shiga sil ɗin da ke tsakanin kunama da kofi, wato ɗan zoben da ke hana fenti komawa baya. Wannan taurin daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne ka ji ta ci karo da ƙarfe. In haka ta faru kada ka tura, janye kaɗan, danna kunama ƙasa don tsagarta ta daidaita, ka sake gwadawa kana juya allurar. Tsinin da yawa a nan suke lanƙwashewa, ba a wurin aiki ba.

Ci gaba da turawa da yatsa ɗaya har ta tsaya a cikin nozul. Nauyin yatsa kawai, kada ka danna. Allura tsini gare ta, nozul kuma leɓensa bai kai kaurin takarda ba, duk turin da ka ƙara buɗa shi kake yi. Kunama na can gaba, ba a ja ta ba, sai ka ɗaure notin da yatsu. Ja kunama ka saki sau biyar kana kallon tsinin: ya shige ya fito tare da yatsanka, ba jinkiri.

Akwai masu shigar da allura ta gaba, wutsiya ta fara shiga, kafin su saka nozul. Dabara ce mai kyau domin tsinin ba ya karo da komai. Amma ba ta yiwuwa in wutsiyar tana da ƙulli, kuma in tana da tsage-tsagen alama za su iya kartar sil. Wanda ya bi wannan hanya ya janye allurar baya sosai kafin ya ɗaura nozul.

Daga ƙarshe murfin kariya na tsini, sai mariƙin baya. In mariƙin yana da ɗan sukurun da ke ƙayyade iyakar jan kunama, warware shi. Mutane kan murɗe shi wajen gogewa ba su sani ba, su dawo suna cewa kunama ta maƙale.

Gwaji da ruwa kafin fenti

Kada ka zuba fenti tukuna. Haɗa tiyo, saita ƙarfin iska a kan psi 20, wato wajen bar 1.4 (psi da bar ma'aunan ƙarfin iska ne). Ana saitawa ne kunama na danne, domin allurar geji, wato agogon auna iska, tana sauka da zarar iska ta fara fita, kuma wancan adadin na ƙasa shi ne na aiki. Gwajin hawa uku ne. Da farko kofi ba komai, danna ka saki: iska ta fito nan take, ta ɗauke nan take. Na biyu, zuba ruwa da ɗigon kalar abinci, danna ƙasa kawai ba ja: kada komai ya fito, kada ruwan kofi ya motsa. Na uku, ja a hankali a kan farar takarda daga nisan yatsu huɗu: ɗigon ya fito a zagaye, ya girma daidai da jan yatsa. A hawan da abin ya gaza, nan za ka nemi laifin. Kuma ka riƙa canja abu ɗaya ka gwada kafin ka taɓa na gaba, in ba haka ba ko ya gyaru ba za ka san abin da ya gyara shi ba.

Kumfa a cikin kofi

Wannan ita ce uwar matsalolin bayan wanki. Ma'anarta iska ta sami hanyar shiga layin fenti. Bi su daga mai sauƙi zuwa mai tsada. Murfin iska bai ɗauru ba: ƙara masa kaɗan da hannu. Busasshen fenti ya toshe ramin murfin iska ko murfin kariya, iska ta rasa mafita ta juya baya: cire su ka goge da auduga mai tsinke da ruwan wanki, kada ka sa ƙarfe cikin ramin. In duk ba su ba ne, gindin nozul ne ke shan iska, sai a kwance, a share mazaunin, a sa kaki in mai tiredi ne. In har yanzu kumfa na nan, koma wa bakin nozul da gilashi. Akwai tsagar da ba ta bayyana sai allura na ciki tana buɗa ta, don haka duba shi allurar na zaune.

Ƙanwar wannan matsala ita ce feshi mai yankewa, ya fito ya tsaya ya fito kamar mai shaƙuwa. Dalilinsu ɗaya, sai dai kafar iskar ba ta yi girman da za ta tayar da kumfa ba. Don gano yoyon da ke waje, shafa ruwan sabulu da ɗan buroshi a mahaɗin murfi da gangar jiki ka danna kunama, inda ya yi ƙwai nan ne. Kakin zuma a tiredin murfin yana maganinsa.

Fenti na fita tun ba a ja ba

Allura ba ta rufe nozul ba. Sassauta noti, tura ta gaba da nauyin yatsa, sake ɗaurewa. In bai daina ba, akwai ɗan datti a cikin bakin nozul da ke hana ta zama. Jiƙa nozul ɗin shi kaɗai cikin ruwan wankin da ya dace da fentin na minti goma zuwa sha biyar, ka fere tsinken sakace ya yi siriri, ka juya shi a ciki a hankali. Abin da ke fitowa sau da yawa wani ɗan zobe ne na busasshen fenti mai kama da roba. Sauran dalilan su ne sifirin mai rauni, sil ɗin da aka ƙulle har allura ba ta komawa da kanta, ko nozul da ya riga ya buɗe. Alamar na ƙarshen ita ce allura ta leƙo waje fiye da yadda ka saba gani.

Iska na fita, fenti ba ya fita

Cire mariƙin baya ka ja kunama kana kallon wutsiyar allura. In noti na tafiya allura na tsaye, notin ne ba a ɗaure ba, kuma wannan shi ne dalili a mafi yawan lokuta. In allura na tafiya, duba murfin kofi. Yana da wani ɗan rami na shan iska, in fenti ya toshe shi feshi zai fara lafiya, bayan 'yan daƙiƙu ya mutu. Cire murfin ka gwada, in ya dawo ka gano. Mai kwalba a ƙasa ma haka, ga kuma bututun cikin kwalbar da kan toshe ko ya manne da gindi. Irin wannan yana bukatar iska fiye da mai kofi a sama, domin ɗago fentin yake yi, sau da yawa sai an kai psi 25 zuwa 30.

In ruwa na fita amma fenti ya ƙi, alƙalamin ba shi da laifi. Fentin ya yi kauri ko yana da gudaji. Kaurin da ake so kamar na madara ne, ba na kindirmo ba: in ka shafa shi a bangon kofi ya gangaro ya bar ɗan launi a baya. Tace shi da guntun safar nailan. Farin fenti da masu ƙyalli ƙwayoyinsu manya ne, suna wahalar da nozul 0.2, a ba su 0.35 ko 0.5. A kula kuma da haɗa jinsi. Ragowar tina ko sifirit a cikin alƙalami na iya sa wani fentin ruwa ya tsinke ya zama kamar cingam a cikin nozul, don haka bayan wanki da su a bi da abin da ake sirka fentin da za a zuba.

Matsalolin kunama da bawul

Iskar da ta ƙi ɗaukewa bayan an saki kunama, ko kunamar da ke dawowa sama a hankali, daga zoben robar bawul ne. Yawanci an jiƙa gangar jikin gaba ɗaya cikin tina, robar ta sha ta kumbura. Ciro ta ka bar ta a sarari ta kwana, sau da yawa tana komawa girmanta, sai ka sa mata ɗigon mai ka mayar. Ba a tsoma jikin alƙalami cikin tina, kuma ba a barin sa cikin ruwan goge gilashi mai amoniya, domin amoniya tana cin tagullar da aka yi shi da ita, ta ɓare farin rufin cikin kofi.

In iska ba ta fita sam ko ta yi rauni, cire murfin iska ka danna. In ta fito da ƙarfi, murfin ne ya toshe ko ba na wannan nozul ba ne. In ba ta fito ba, kunama ba ta zauna kan sandan bawul ba, ko datti ya shiga bawul. Wasu alƙaluman suna da ɗan sukurun rage iska a ƙarƙashin kai, duba ko an murɗe shi. Mahaɗin tiyo ma abin lura ne: Iwata da na China suna amfani da tiredi ɗaya, na inci 1/8, amma Badger da Paasche kowanne da nasa, sai da mahaɗi na musamman. Tilasta wanda bai dace ba yana cinye tiredin.

Fenti a wurin kunama

In ka ga launi a jikin allura ta baya, ko kunama ta fara danƙo, sil ɗin allura ya saki. Yana can ciki tsakanin kofi da kunama, wani sukuru mai tsaga ne ke matse shi. Sai an fitar da allura, bututu, sifirin da kunama, sannan a kai gare shi ta baya da dogon siririn sukudireba. Juya dama kaɗan ƙwarai, ƙasa da kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ka gwada da allura. Daidai shi ne ta wuce da ɗan tauri, kuma in ka tsayar da alƙalamin kada ta zame da nauyin kanta. In ka zarce, allura za ta riƙa maƙalewa a baya, ka koma matsalar fenti mai fita ba a ja ba. Farin sil na Teflon yana jure tina, baƙi na roba ba ya jurewa, mai aiki da fentin mota ya san wanne ne a nasa. Abin da ke kai fenti can tun farko shi ne jan allura mai datti ta baya. In nozul ɗinka mai sauƙin cirewa ne, fitar da ita ta gaba lokacin wanki.

Tartsatsi, karkata da tsartuwar ruwa

Feshin da ke fita da ɗige-ɗige masu kauri, ko iska ta yi kaɗan, ko fenti ya yi kauri, ko ya bushe a tsinin allura. Bushewar tsini ta fi tsanani da hunturu, lokacin da iska ba ta da laima ko kaɗan, fentin ruwa kan daskare a tsini cikin minti ɗaya zuwa biyu. Ajiye ɗan soso mai laima kusa, ka riƙa tsunkule tsinin da shi daga gindi zuwa baki, ka sa wa fentin ɗigon maganin jinkirta bushewa. Yatsa ma na da nasa laifin. Ƙa'idar ita ce iska ta riga fenti fita, ta kuma bi bayansa: danna, ja, mayar gaba, sannan ka saki. Wanda ke sakin kunama tana baya yana barin ɗigo a tsini, dannawa ta gaba ta watsa shi kan aiki.

In fentin yana bazuwa da ƙafafu kamar gizo-gizo, ya yi ruwa da yawa, ko ka matso kusa, ko iska ta yi yawa. Rage ɗaya daga ciki. Aikin fuska kan tsaya ƙasa da psi 15, kek wajen 15 zuwa 20, zanen riga kuwa yakan kai 40 zuwa sama don fentin ya shiga zare.

Da damina kuma sai a yi ta fama da tsartuwar ruwa, ana cikin feshi lafiya sai alƙalami ya tofa ɗigon ruwa. Wannan ba daga wanki ba ne. Injin iska yana matse laimar da ke cikin iska, in ya yi zafi tururin ya wuce tarkon ruwan da ke jikinsa, ya huce a cikin tiyo ya zama ruwa. Danna maɓallin ƙasan tarkon ka zubar kafin kowane aiki. In injin mai tanki ne, irin AS-186 mai lita 3, akwai sukurun zubar da ruwa a gindin tankin, a buɗe shi bayan an sauke iska. Ƙaramin tarko na biyu da ake ɗaurawa a gindin alƙalamin shi ke kama abin da ya taru a tiyo.

Feshin da ya karkata gefe ɗaya, ko layi ɗaya ya fito biyu, gwada wannan: sassauta noti, juya allura rabin zagaye, ɗaure, ka sake fesawa. In karkatar ta koma ɗaya gefen, allura ce. In tana nan inda take, datti ne a gefen ramin murfin iska ko nozul bai zauna a tsakiya ba.

Allurar da ta lanƙwashe tana cikin alƙalami ba a jan ta baya haka nan, ƙugiyar za ta tsaga nozul a hanyarta. Fara danna tsinin a kan gilashi ya ɗan miƙe, sannan ka zare. Don gyara, kwantar da gangaren tsinin a kan gilashin, ka danne shi da bayan cokali kana mirgina allurar. In ta miƙe, jiƙa samfefa mai lamba 2000, ka ja tsinin baya-baya a kanta kana juyawa, a kwance daidai da gangarensa, sau kaɗan kawai, ka bi da mai lamba 3000 in akwai. Allurar da aka gyara za ta yi shafen fili da inuwa, amma siririn layi sai sabuwa. In za ka sayi sabuwar, haɗa da nozul ɗinta, domin allurar da ta lanƙwashe a ciki da wuya ta bar bakin nozul yadda ta same shi, kuma ka faɗa wa mai sayarwa sunan samfurin da girman milimita, tunda allurar 0.3 ta wani kamfani ba lallai ta zauna cikin nozul 0.3 na wani ba.